Na Ƙarshe a Hawa Mota

Juma'a, 22 ga Satumba 2000, bayan la'asar

Yau na ga Kapitan Chaïbou. Da ƙafarsa ya zo rumfata a nan unguwar Tayuri ta garin Sabha, ya zauna kan bencin da leburori suke zama, ya ce a zuba masa shinkafa da wake amma kar a sa yaji da yawa. Na zuba masa. Na cika yaji har cokalin ya yi ja.

Ya rame. Gemu ya fara fari, babu kaki, babu galo a kafaɗa, sai wata shuɗiyar riga irin ta masu gadi. Amma ɗaga haɓar nan da yake yi kafin ya buɗe baki tana nan yadda na san ta. Mutumin da ya shiga gidana a barikin Agadas, ya zauna kan tabarmata, ya sha fura a ƙwaryata, yau ya dube ni ya ce, "Mai abinci, hannunki na da zahi." Na ce, "Haka Allah Ya yi ni, yallaɓai." Ya cinye tas yana share hawaye, ya tashi ya tafi.

Shi ne kapitan ɗin mijina, Sarjan Seyni. Tare suka fita sintiri lokacin tawaye. Shi ya dawo.

Kwanon da ya ci a ciki na ware shi, na bar wa kyanwa.

Asabar, 23 ga Satumba, da hantsi

Ashe kowa ya san da zamansa a Sabha sai ni. Bachirou, mijin ƙanwata Housseina, shi ya ba ni labari yana cin ɗumame, baki har kunne. Wai an sallami kapitan daga soja, ba wanda ya san dalili, yanzu yana gadin wani sito a Sukra. Wai duk Juma'a in an sauko masallaci yana tara samarinmu a tsakar gidan Malam Sallaou, dattijon da 'yan Nijar suke kai wa ƙara a unguwar nan, yana koya musu shugabanci, har da ba su aron littattafai. Bachirou da ke ɗaukar siminti a Abdulkafi tun safe har yamma, shi ma so yake ya zama kabran, mai tsayawa a inuwa yana nuna wa wasu inda za su zuba yashi.

Ya ce, "Yaya Aïssa, mutumen nan ilimi gare shi. Ya ce duk wanda ya karanta littahi ukkun nan, ko lebura ne sai ya riƙe mutane."

Ya zaro na farko daga cikin riga ya miƙo min. Mai jan bango. Ban taɓa ba. Na ce ya ɗauke shi daga tabarmata kar miya ta ɓata masa ilimi.

Ina da irinsa a ƙasan akwati. Duka ukun ina da su.

Lahadi, 24 ga Satumba, bayan azahar

Na fito da littattafan Seyni. Tun Agadas ban buɗe su ba, na dai kwaso su ne tare da tukwane. Kapitan ne ya ce wa sarjan-sarjan ɗinsa duk mai son zama ajidan, muƙamin da ke gaba da sarjan, ya nemi waɗannan uku, Seyni ya aika har Yamai aka sayo masa. Faransancinsa na bariki ne, na ba da oda da zagi, ni kuwa na ɗan taɓa kwaleji, saboda haka ni nake karanta masa bayan magariba. Sai ya cire takalman nan da suke matse masa ƙafar hagu, in shafa masa man shanu a ɗan yatsan, shi kuma ya rufe ido yana maimaita abin da na karanta kamar mai hadda. Kullum cewa yake in ya zama ajidan za a ba shi sababbi daidai ƙafarsa.

In wani ya tambaye ni wanne zai fara karantawa, ga amsata. Ƙaramin, na aljihu, na masu son girma ne: yadda za ka gai da na sama da kai, yadda za ka yi magana a taro, yadda za ka sa a tuna da sunanka ranar ƙarin galo. Wannan kapitan ya haddace shi, ba sai an gaya min ba. Mai kaurin, wani tsohon janar ne ya rubuta labarin rayuwarsa. Ya yi yaƙi a ƙasar sanyi, rabin littafin kukan dawakansa da suka mutu ne, amma tsohon ya san haƙuri. Mai jan bangon shi Seyni ya fi so. A ciki aka ce shugaba ba ya ci sai mutanensa sun ci, ba ya hawa mota sai na ƙarshensu ya hau. Seyni ya sa na karanta masa wurin nan har na gaji. Daga ranar a gida ma sai na ci yake ci, ina yi masa tsiya yana dariya.

Wani ya nuna wa mijina littafi, mijina ya yarda da littafin. Iyakarta ke nan.

Talata, 26 ga Satumba, da azahar

Ya sake zuwa. Ya ce a rage yaji. Ban rage ba.

Alhamis, 28 ga Satumba, bayan asuba

Na tashi da maganar Souley a kunnena. Souley shi ne direban motarsu a ranar. Ya zo min gaisuwa bayan kowa ya watse, ya tsuguna a bakin ƙofa ya ƙi shiga. Ya ce sun tsaya gyaran taya a bayan wani dutse, sai aka ji harbi daga nesa. Seyni ya tsaya a ƙasa yana tura sojojinsa cikin mota ɗaya bayan ɗaya. Kapitan yana gaba, kusa da direba. Ya ce, "An cika, mu tahi." Souley ya ce shi bai waiwaya ba, soja ba ya waiwaya in an ba shi oda. Abin da hukuma ta gaya mana kuwa shi ne ba a lura babu shi ba sai da aka isa sansani, da aka koma ba a ga kowa ba. Sojojin da ke baya an warwatsa su tun kafin in samu ko ɗaya ya dube ni.

Ban san abin da ya faru bayan tashin motar ba. Shekarun nan duka a wurin tunanina yake tsayawa. Ina ganinsa tsaye, hannu a ƙugu, yana jira su gane kuskurensu su juyo, yana ma shirya faɗan da zai yi wa Souley. Haka nake ganinsa, a tsaye. Tsohuwarsa kuwa ta ƙi komawa Doso. Tana nan Agadas a ɗakin haya, wai kar ya dawo bai same ta ba.

An cika. Da bakinsa ya faɗa.

Juma'a, 29 ga Satumba, da la'asar

Malam Sallaou ya aiko a kai wa masu karatu abinci, na ce ni zan kai. Na same su zube a kan tabarmi, masu siminti a gashi, masu ƙasar gona a farce, duk sun saki baki. Shi kuma yana kan kujera da mai jan bango, yana karantawa da Faransanci yana juya musu da Hausa. Kuma ya iya, Allah Ya isa. Muryar ma kaɗai sai ta sa mutum ya ji kamar ya tashi ya ƙame.

Ina ajiye tire ya iso wurin. Ya ce, "Shugaba ba ya ci sai mutanenshi sun ci." Ya lashi yatsa, ya juya shafi. Rabin maganar ya karanta, ya tsallake motar.

Harshena ya yi ƙaiƙayi har sai da na cije shi. Amma tsohon janar ya ce kar ka yi harbi ranar da ka fara hango abokin gaba, ka bari ka san inda yake shan ruwa. Na kwashe kwanonina na fito. Kan hanya na zagi wani akuya da bai yi min komai ba.

Lahadi, 1 ga Oktoba, da yamma

Akwai abin da ake yi wa baƙar fata a garuruwan bakin teku. Ba wanda yake faɗa a fili, sai dai motoci suna ta sauke mutane a Tayuri, wasu ko takalmi babu. Wata mata ta zauna a rumfata tun safe, na ba ta abinci ta riƙe kwanon kawai, ba ta ci ba, ba ta ajiye ba. Rediyo kuwa tun asuba yana waƙar Afirka uwa ɗaya uba ɗaya. A bangon makarantar bakin titi ma an zana taswirarta da koren fenti, ƙatuwa, kowa ya wuce ya gani.

Housseina ta daina fita. Tana goye da jaririyarta ko cikin ɗaki, ko ƙarar ƙofa ta ji sai ta miƙe.

Laraba, 4 ga Oktoba, bayan magariba

Bachirou ya yanke shawara za su koma gida. An samu babbar mota ta wani Batube mai suna Hamed, za ta bi ta Gatrun har Dirku, daga can a nemi ta Agadas.

Wanda bai taɓa hanyar ba ba zai gane ba. Ana loda kaya har su fi kan motar tsawo, a rataya jarkokin ruwa a gefe, mutane su hau saman kayan. Fasinja su suke zaɓen shugaban mota a cikinsu, shi yake raba ruwa, shi yake tabbatar da ba a bar kowa ba in an tsaya. Kowa yana da abokin amsa. In za a tashi, kowa ya ce nawa na nan, shugaba ya hau daga baya, sannan wanda yake amsa wa shugaba ya bugi rufin direba. Direba ba ya jin komai a ciki sai wannan bugun.

Yau aka zaɓi shugaba a gidan Malam Sallaou. Bachirou ya shigo yana murna kamar an yi masa haihuwa. Na ce, "Wa?" duk da na sani.

Shi zai ƙirga ƙanwata. Shi zai ƙirga jaririyarta.

Alhamis, 5 ga Oktoba, da hantsi

Na je wurin Malam Sallaou. Na durƙusa, na gaishe shi, na faɗa masa komai ban rage ba. Ya saurare ni yana jan carbi, da na gama ya ce, "Ɗiyata, mi kike so in yi? Kina da shaida?"

Na ce, "Baba, direban ya hwaɗa mani."

"Ina direban?"

"Ban sani ba."

"To kin gani. Mutanen nan tsoro ya cika masu ciki, sun samu mutum guda da ya san sahara, ya san rabon ruwa. In na tuɓe shi bisa maganar da babu shaida, wa zan ɗora? Bachirou? Ki bar ma Allah, Aïssa."

Na bar wa Allah tun shekarun baya, Baba. Shi ne ga shi Ya kawo min shi har rumfata, Ya zaunar da shi kan bencina. Ban faɗa masa haka ba, na yi godiya na tashi.

Mai jan bango ya ce kar ka kai hari ta ƙofar da aka tsare. Laifina ne da ban duba ba kafin in fita.

Asabar, 7 ga Oktoba, bayan azahar

Na yi tunanin shurta, 'yan sandan ƙasar nan. Kalma ɗaya zan jefa wa ɗan sandan da ke sayen ƙosai a wurina, in ce tsohon sojan wata ƙasa yana tara samari yana karanta musu littattafan yaƙi. A kwanakin nan ba zai kwana a Tayuri ba. Amma in suka tafi da shi ba zan gani ba, kuma har da su Bachirou za su kwashe, wawayen Allah. Na yi tunanin abin da ake zubawa a miya. Tukunyata ta ciyar da mutane da yawa, ba zan ɓata ta saboda shi ba.

Ba ma wannan nake so ba. Ba na so ya sha wata wahala daban. Wadda ya ba Seyni nake so, ita ɗin, ba ƙari ba ragi.

Na koma wa tsohon janar. Na tsallake dawakan. Akwai inda ya ce kar ka yi yaƙi a filin da abokin gaba ya zaɓa, ka ja shi zuwa wanda ka zaɓa, kuma ka tabbata makullin hanyar yana hannunka. Na karanta wurin na ajiye littafin na yi ta kallon bango. Allah Ya jiƙan tsohon nan, ko da wane addini ya mutu ya yi min amfani.

Litinin, 9 ga Oktoba, da safe

Na gaya wa Housseina da ni za a tafi. Ta rungume ni tana kuka, ta ɗauka don ita ne. Rabi don ita ne.

Na bar wa maƙwabciyata rumfa da manyan tukwane. Littattafai na sa su cikin ƙullin da zan riƙe a hannu.

Laraba, 11 ga Oktoba, da azahar

Ya zo ya ci. Yana ta lissafin jarkoki da samari a kan bencina, wace za a fara sha, wace za a ɓoye ƙarƙashin kaya don ranar da mota ta lalace, yadda za a naɗe su da buhu a jiƙa. Duk abin da ya faɗa daidai ne. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Juma'a, 13 ga Oktoba, bayan la'asar

An haɗa abokan amsa a tsakar gidan Malam Sallaou. Maza da maza, mata da mata. Hamed direba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da rawaninsa, ya ce da guntuwar Hausarsa, "Ni ba ji ihu. Ni ba duba baya. Rufi ya buga, ni tafi. Rufi ya buga, ni tsaya. Mutum ɗaya buga, ba biyu."

Da aka gama sai ya rage wanda zai amsa wa shugaba. A al'ada babba ake ba, mai zama kusa da kan mota. Ina cikin manyan mata, kuma dama a can za a zaunar da ni da kayan abinci. Tun kafin wani ya buɗe baki na ce, "Ni zan amsa mashi." Samari suka yi dariya, wani ya ce mai abinci ta samu galo. Malam Sallaou bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya buɗe baki zai yi magana.

Kapitan ya riga shi. Ya ɗaga haɓar nan ya ce, "Na yarda. Madam Seyni ta iya lura da mutane."

Ba wanda ya kula, sun ɗauka wani suna ne nawa.

Juma'a, da magariba

Ya san ni. Tun ranar yajin farko ya san ni.

Asabar, 14 ga Oktoba, da hantsi

Ya san ni kuma ya dinga zuwa yana cin abincina. Yana kallon idona yana cewa mai abinci. Me yake nufi? In tuba yake nema, ba a bakin tukunya ake yinta ba, ya san inda tsohuwar Seyni take. In kuma gani yake mace ba za ta iya ba, to ya jira.

Housseina ta ji sunan da ya kira ni da shi, ta haɗa sauran da kanta. Ta same ni ina ɗaure kaya ta ce, "Yaya, mi za ki yi?" Na ce zan amsa masa, kamar yadda aka ɗora min. Ta ce, "Don girman Allah, Yaya. Ki dubi ɗiyar nan. In wani abu ya same shi wa za ya raba muna ruwa?" Na ce na ji duk lissafinsa a kan bencina, kuma na fi shi iya rabo, shekara nawa ina raba tukunya ɗaya ga mutanen da suka fi ƙarfinta. Ta ce ba za ta ƙara yi min magana ba. Da yamma ta zo aron allura.

Talata, 17 ga Oktoba, da azahar, a Gatrun

Mun bar Sabha jiya. Ban waiwayi Tayuri ba, kwanon rufi ne da bulo da bashin barci, ba abin kewa. Ina zaune a saman kaya, rufin Hamed yana daidai gwiwata, in na miƙa hannu na taɓa shi. Da zafi kamar murfin tukunya.

Kapitan yana yin komai yadda littafi ya ce. Sai kowa ya sha yake sha, sai kowa ya ci yake ci. In za a tashi ya zagaya motar a ƙasa yana jin nawa na nan, nawa na nan, sannan ya kama igiya ta baya ya hau, ya ɗaga min hannu, in bugi rufi. Ashe ya san rabin maganar da ya tsallake. Samari sai yabonsa suke, Bachirou har kwaikwayon tafiyarsa yake yi.

A nan akwai gidaje da dabino da mutane. Ba nan ba.

Laraba, 18 ga Oktoba, da la'asar

Babu itace, babu tsuntsu, babu sawun kowa. Ya hau, ya ɗaga hannu, na buga. Hannuna ya saba.

Alhamis, 19 ga Oktoba, bayan la'asar

Na yi.

Mun tsaya sallar azahar a wani fili mai laushin yashi. Hamed ya ce in ya tashi a nan ba zai tsaya ba sai ya taka ƙasa mai tauri, in ba haka ba mota ta nutse. Kowa ya hau. Nawa na nan, nawa na nan, har aka zagayo. Kapitan ya kama igiya, sai wata tsohuwa ta ce ta manta butarta inda ta yi alwala. Ya saki igiyar ya koma ɗauko mata.

Na ce, "An cika." Da ƙarfi na faɗa, yadda zai ji. Na bugi rufi.

Mota ta yi ƙara ta ja. Na baya suka fara ihu, ihun ya biyo kan mutane har ya iso gare ni. Bachirou yana rarrafowa kan kaya yana kiran sunana, Housseina ta riƙe min zane tana salati. Na ɗora tafin hannuna kan rufin na danne, ban ɗaga ba. Na juya ina kallon baya, don abin da na baro Sabha in gani ke nan. So nake in ga ya yar da butar. So nake in ga haɓar nan ta sauko, yana gudu yana faɗuwa yana kiran mutanen da ba za su tsaya ba.

Bai yi gudu ba. Ya tsaya da buta a hannu yana kallonmu, yana ƙanƙancewa. Ko hannu bai ɗaga ba.

Wani baƙin ciki ya kama ni. A tsayen nan nake ganin Seyni shekara da shekaru, shi ne wannan mutumin zai zo ya tsaya min irin tsayuwarsa? Har wannan ma sai ya ƙwace? Da na ji tayoyi sun hau tsakuwa na bugi rufin kamar zan fasa shi. Hamed ya tsaya ya leƙo yana zagi da Larabci.

Ban saurari kowa ba. Na kama igiya na sauka, na bi sawun taya na koma. Shi ma ya taho a hankali. Muka haɗu a tsakiya, inda ba mai jin mu. Leɓunansa sun bushe, butar tana hannunsa har yanzu.

Na ce, "Don mi ba ka yi gudu ba?"

Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ba a cim ma mota da gudu, Madam. Na gani a madubi."

Na ce, "Mi ka gani?"

Ya ce, "Ya biyo mu. Ya daɗe yana biye da mu."

Na ji bakina yana cewa akwai tsohuwa a Agadas da ke share ɗaki tana jira, zai je gabanta ya durƙusa ya maimaita wannan maganar, kalma da kalma, ba tsallake rabi. Ya ce to.

Da muka dawo mutane suka taso min. Ya ɗaga hannu ya ce laifinsa ne, shi ya saki igiya bai sanar ba, kuma ni zan ci gaba da amsa masa. Ya miƙa wa tsohuwar butarta. In yana ganin ya saye ni da wannan, bai san ni ba. Ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Juma'a, 20 ga Oktoba, da hantsi

Bachirou ya ƙi kallona tun jiya. Da aka tsaya na kira shi na ba shi mai jan bango na Seyni, na ce ya mayar wa kapitan nasa, wannan ya karanta shi duka. Na ce in Allah Ya sa ya zama kabran ya ciyar da mutanensa kafin ya ci, ya hau mota daga ƙarshe, amma kafin ya tsaya a ƙasa ya fara duba wanda ke zaune a gaba. Wannan babu shi a littafin, ni na ƙara. Ya karɓa da hannu biyu.

Yanzu duk motar nan ba wanda nake lura da shi kamar kapitan. In ya zagaya bayan tudu idona yana kan tudun. In ya rage ruwansa ya ba wani, sai in cika masa kofi in tsaya a kansa har ya shanye. Housseina ta ce ta gode wa Allah zuciyata ta yi sanyi. Ban gyara mata ba. Kapitan kaya ne da na ɗauko, kuma sai na kai shi Agadas da bakinsa.

Juma'a, da la'asar

Na rufe ido in ga Seyni a tsaye, hannu a ƙugu, kamar kullum. Ya ƙi tsayawa.

Da takalman nan masu matse shi ya yi gudun.